Sawun Keken Barnaba a Kurmin Dogon Marke

Sunana Inusa, faci nake yi. Shekara ashirin da wani abu ke nan ina zaune a rumfa guda a Sabon Gari, nan Maradi, da famfona da bokitin ruwa da gwangwanin gam. A cikin masu kawo mini aiki babu keken da na sani kamar na Malam Barnaba. Shi mutumin kuwa, sai daga baya na gane ban san shi yadda nake zato ba.

Haifaffen Tsibiri ne, ɗan manomin hatsi, Kirista tun daga ubansa. Ya yi lakkol, makarantar boko, har aji shida, sannan ya samu aikin falanto a wani buro, ofis a cikin birni, wato shi ke kai takardu daga wannan wuri zuwa wancan. Shekara ashirin da bakwai yana wannan aiki bisa baƙin keke guda, mai tsohon sirdin fata da ƙararrawar da ba ta kaɗawa sai an doke ta. Dogo ne, siriri, ba shi da yawan magana. A farkon aikinsa wata wasiƙa ta taɓa ɓacewa aka ce shi ya yar da ita, alhali ya kai. Tun daga ranar ya sayi kaye, wato littafin rubutu, duk inda ya je sai ya rubuta: wurin wa, ƙarfe nawa, ta wace hanya. Har ya aje aiki bai daina ba.

Mun zaci zai jingine keken ya huta. Matarsa Saloma, mai ƙuli-ƙuli a bayan layinmu, har tabarma ta saya masa ta zaman ƙofar gida. Bai yi wata guda a kanta ba ya fara fita da sassafe, sai la'asar ya dawo.

Tayarsa ce ta fara ba ni labari. Facin cikin gari ƙusa ce, ko kwalba, ko guntun waya. Sai ga shi ina ciro ƙayar aduwa da farar ƙaya daga tayar Barnaba, ga baƙar laka ta daskare a ƙarƙashin sirdi.

Na ce, "Malam, ina kake kai wanga keke? Wagga ƙaya ba ta cikin gari ba ce."

Ya ce, "Kurmi."

"Wane kurmi?"

"Na Dogon Marke, gaba da Jiratawa."

"Mi ka aje can?"

Ya ɗan yi murmushi. "Shekara ashirin da bakwai ana aike na, Inusa. Yanzu ina zuwa inda ba wanda ya aike ni."

Kurmin Dogon Marke gandun daji ne, tsohon gaske. In ka wuce gonakin zogale da magudanan ruwa na Jiratawa, ka saki kwalta ka bi jar hanya, ƙasa sai ta riƙa gangarawa har ka shiga inuwar da rana ba ta ratsawa. Akwai maɗaci da kanya da ƙirya a ciki waɗanda tsofaffin ƙauyukan gefe suka ce kakanninsu haka suka tarar da su. An hana sarar ɗanyen itace. Busasshe kawai aka yarda matan ƙauye su tsinta, kuma suna da shugabarsu, wata dattijuwa mai suna Tasalla, wadda ba a yi wa gardama sau biyu.

A cikin shekara biyu Barnaba ya fitar da hanyoyi huɗu da keke zai iya bi ya ratsa kurmin ba tare da an sauka ba. Tsofaffin turbobin shanu ne, shi ya haɗa su. Inda reshen ƙaya ya tare ya janye shi, inda ruwa ya ci ya cike da ƙasa. Yana auna kaurin manyan itatuwa da hannuwansa, gaba nawa, ya rubuta. Wasu har suna ya sa musu. Kwana shida yake zuwa a mako. Ranar Lahadi kaɗai yake juya keken arewa, ya tafi majami'arsu ta Tsibiri.

Da a wasu shekarun ne, da an ce tsoho ne da abin da ya dame shi, a bar shi. Amma lokacin labaran kan iyaka ba su da daɗi, kowa na tsoron mutumin da ke yawo shi kaɗai yana dube-dube yana rubutu. Ko a rumfata na ji ana cewa, ai ba a banza mutum zai taka keke tun daga Maradi don ya rungumi itace ba.

Sannan aka fara sara. Wata Litinin matan suka iske kututturen wata ƙirya, an kwashe gangar jikin sarai, sai rassa. Bayan mako biyu maɗaci guda. Bayan wani makon, wani maɗacin.

Ranar wata Laraba ina cikin gyaran bawul sai na ga inuwa ta tsaya a kaina. Mace ce gajera, kakkaura, da zane ɗaure a ƙugu. Ta ce ita ce Tasalla, an ce mata ni ne mai facin da ya san tayar kowa a wannan yanki. Ta miƙo mini salula, jikarta ta ɗauko mata hoto. Sawun amalanke ne a kan laka, a gefensa kuma sawun keke. Sawun keken yana tafiya sumul, sai ka ga wani tambari mai kusurwa huɗu, ya sake tafiya, tambarin ya sake fitowa.

Ni na yi wannan tambarin. Wata uku kafin nan tayar bayan Barnaba ta tsage, ya ƙi sake ta, na yanko guntun tsohuwar taya na ɗinke masa ta waje.

Na ce, "Inna, kekuna da yawa a garin ga."

Ta ce, "Ban tambaye ka yawansu ba. Gindin itace ukku mun ga wanga sawu. Na wane ne?"

"Sai na yi tunani."

Ta karɓe salularta ta dube ni sosai. "Ka riga ka yi. Huskarka ta hwaɗa mini." Ta juya ta tafi.

Daga ranar zuciyata ta ƙi kwanciya. Abin da ban taɓa kula da shi ba duk ya riƙa dawo mini. Na tuna ya taɓa tambayata ko na san nauyin da amalanken shanu ke ɗauka. Na tuna ya daina tsayawa hira. Da na bi ta ƙofar gidansa sai ga sabon turmi a tsakar gida, jajir, na ƙirya. Na tambayi Saloma cikin wasa, ta ce a kasuwa ta saya, tsohon ya fashe. Na ce madalla, na wuce, amma idona bai bar turmin ba har na sha kwana.

Ranar Juma'a ya kawo keken a ɗaure masa birki, ya ce bari ya karɓo saƙo ya dawo. Jakarsa na rataye a kan keken. Allah ya gafarta mini, na buɗe. Kayen cike yake da zane, layi-layi kamar jijiyar ganye, kowane layi da lambarsa, kowane babban itace da ɗigo da suna da kaurinsa. A kan ɗigo uku an ja alamar giciye da jan bik, wato biro. Ƙirya ɗaya, maɗaci biyu. Na mayar da kayen cikin jakar. Da ya dawo na ce an gama, ban iya duban idonsa ba.

Na kwana biyu ina juya abin. In bayan an sare su ya ja alamar, mai baƙin ciki ne. In kafin a sare ne, to wannan kayen takardar oda ce. Kuma ni ban duba kwanan wata ba.

Litinin ta gaba, wajen hantsi, wani ɗan kabu-kabu ya tsaya a rumfata ya ce ana nemana a ƙauyen bakin kurmi. An tare wani tsoho da keke, an tambaye shi wa ya san shi a Maradi, ya ce Inusa mai faci. Na rufe rumfa na hau.

Na iske su a gindin tsamiyar ƙofar mai gari. An sare itace na huɗu, wata kanya. Barnaba na zaune a ƙasa, hularsa a gwiwa, rigarsa ta yage a kafaɗa inda aka fizge shi. An jingine keken can nesa da shi. Maza sun yi da'ira, mata na bayansu, ga wani ma'aikacin gandun daji a kan benci da kayen a hannunsa. Tasalla ce ke tambaya, mai gari ya bar mata.

"Kullum kana nan, ran Lahadi ba ka nan. Ran Lahadi aka sara. Mi ya sa?"

Ya ce, "Ran Lahadi ina Tsibiri, ina sujada. Mutum ɗari za su shaida."

Wani daga cikin mazan ya ce, "Ai mai wayo shi ka sanin inda za a gan shi ranar da za a yi ɓarna." Aka yi guna-guni.

Mai gari ya juyo gare ni. "Kai ne ka san shi?"

Na ce na san shi shekara ashirin, ban taɓa jin an ce ya ɗauki allurar wani ba. Gaskiya na faɗa, amma muryata ba ta fito da ƙarfi ba, kuma na san Barnaba ya ji hakan.

Ma'aikacin yana ta buɗa shafi tun zuwana. Can ya ɗaga kai ya ce kowace jar alama akwai kwanan wata a gefenta da ƙananan baƙaƙe, kuma duka ukun Litinin ne, ranar da aka iske kututturen. Na ji kamar an sauke mini buhu. Tasalla ta ce kwanan wata ai hannu ke rubuta shi, hannu kuwa na iya rubuta abin da ya ga dama. Ma'aikacin ya ce haka ne. Sannan ya dubi Barnaba.

"Baba, itatuwan nan huɗu duk a bakin hanyoyinka suke, kuma su ne mafi kauri a lissafinka, bi da bi. Ban da kai, wa ya taɓa ganin wannan zane?"

Barnaba ya sunkuyar da kai. Da ya buɗe baki muryarsa ta sauya.

Ya ce wata biyar da suka wuce wani mutum ya tare shi a kan jar hanya. Matashin magidanci ne mai tsabta, da farar mota, ya ce sunansa Muhammad Auwal. Ya ce yana da ƙungiyar masu hawan keke, suna neman hanyar daji mai inuwa da za su riƙa kawo baƙi, an ce masa akwai wani dattijo da ya san kurmin kamar tafin hannunsa. Ya zauna a ƙasa tare da shi, ya buɗa kayen shafi-shafi yana jinjina kai. Ya ce wannan aiki ne na masana. Ya roƙi a nuna masa manyan itatuwan da baƙi za su so gani. Sannan ya ɗauki hoton kowane shafi da salularsa.

Tasalla ta ce, "Kai kuma ka ba shi."

"Na ba shi. Shekara biyu ina rubutu ba wanda ya ce in gani."

Akwai lambar mutumin a bangon kayen. Ma'aikacin ya kira sau uku a gaban kowa, a kashe. Wasu suka ce ƙirƙirar mutumin ya yi. Wasu suka ce sun taɓa ganin farar mota. Daga ƙarshe ma'aikacin ya ce nuna wa mutum zane ba laifi ba ne, ba shi da abin da zai riƙe tsohon da shi. Mai gari ya ce a ba shi kekensa, amma kada a sake ganinsa a kurmin sai an kira shi.

Tare muka taho, yana tura keken ina gefensa, don ya ƙi hawa. Mun yi nisa, har mun fara hango gonakin Jiratawa, kafin ya yi magana.

"Ni na share musu hanya. Da amalanke bai iya shiga. Ni na janye ƙayar, ni na cike ramun."

Na ce ai bai sani ba.

Ya tsaya ya dube ni. "Kai ma ka buɗe kayen. Akwai sawun yatsanka da baƙin mai a shafi na tara."

Na rasa inda zan sa kaina. Na ce na buɗe, tsoro ne ya sa ni, ya yafe mini.

"Wa ka hwaɗa ma abin da ka gani?"

"Wallahi ba kowa."

Ya daɗe yana dubana, irin duban da na yi wa turminsa. Sannan ya ci gaba da tura keken. Ban san ko ya yarda ba.

Mako biyu bai fita ba. Saloma ta ce ko tuwo sai ta yi da gaske yake ci. A mako na uku ya sa aka kai shi wurin ma'aikacin nan, ya ce in dai lissafinsa ake bi, ya san itacen da ke gaba: wani maɗaci a hanya ta uku, gaba biyar, wanda ya sa wa suna Kaka. Ya ce kuma masu saran sun san ranar da ba ya nan, don shi da bakinsa ya gaya wa mai farar mota. Ya je Tsibiri ya shaida wa fastonsu cewa ba za a gan shi ran Lahadi ba, karo na farko tun rasuwar uwarsa.

Ban je ba, Tasalla ce ta ba ni labari daga baya. Lahadin farko suka yini a ɓoye, ita da shi da ma'aikata biyu, ba kowa. Ta ce ranar ta tabbata Barnaba ya aika wa masu saran su dakata. Lahadi ta biyu, rana ta ɗan ɗaga, sai ga amalanke ya biyo hanya ta uku da mutum biyu da dogon zarto. Suka nufi Kaka kai tsaye ba su ko waiwaya ba. Aka kama su kafin zarton ya ci tafin hannu.

'Yan ƙwadago ne, daga nesa. Suka ce wani ne ya ɗauke su aiki a tasha, ya goya ɗayansu a babur ya nuna masa itacen. Ba su san sunansa ba. Aka ce yaya yake, suka ce ba dogo ba, ba gajere ba, yana da hula. Aka nuna musu Barnaba, suka ce ba su taɓa ganinsa ba. Aka tambaye su farar mota, suka ce su babur suka gani. Iyakar abin da aka samu ke nan. Saran dai ya tsaya.

Mai gari ya aiko a gaya wa Barnaba ya dawo. Ya koma, amma ba kamar da ba. Ya daina janye ƙaya. Hanyoyi biyu ya bar su suka toshe da gangan. Ranakun fitarsa ya hargitsa su, har Saloma ba ta sanin yaushe zai tafi. In wani ya tambaye shi hanya a rumfata, sai ya ce shi tsoho ne, ya manta. Tasalla ta fara amsa gaisuwarsa, ta taɓa ba shi fura. Duk da haka ta ce mini, ita har yanzu in ta ga sawunsa sai ta bi shi ta ga inda ya tsaya.

Bayan shekara guda da wani abu, wata safiya, farar mota ta tsaya a gaban rumfata, da wata babba a bayanta an ɗaure kekuna a samanta. Mutumin da ya fito ya yi sallama, ya ce sunansa Muhammad Auwal, yana neman dattijon nan mai kaye. A cikin babbar motar akwai mutum goma sha ɗaya, maza da mata biyu, da matsattsun kaya da hulunan kwano, wasu daga Yamai, wasu daga Damagaram. Kekunansu sirara ne, da yatsa biyu za ka ɗaga.

Na aika aka kira Barnaba. Mutumin ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya ce an sace masa salula tun bara, shi ya sa aka daina samunsa, kuma haɗa mutanen ya ɗauki lokaci. Ya ce ga alkawari ya cika.

Barnaba ya ce, "Yaushe aka sace ta?"

Ya ce ba zai iya tuna watan ba.

"Hotunan kayena suna ciki?"

"Suna ciki, Baba. Shi ya sa na zo da kaina ka yi mana jagora."

Na dubi Barnaba, ya dube ni. In gaskiya ne, to mai yiwuwa ɓarawon salula ne ya samu taswirar, ko wanda ya saya daga hannunsa. In ƙarya ce, to an yi ta da kyau, har da shaidu goma sha ɗaya. Na nemi alamar wani abu a fuskar mutumin ban samu ba, sai fara'a.

Barnaba ya ce zai kai su. Ya aika wa Tasalla tun kafin su tashi. Ya shiga gabansu da baƙin kekensa, a hankali, su kuma suna biye kamar 'yan tsaki. Amma gefen kurmin ya bi da su, ta inda itatuwan ba su wuce shekara talatin ba, ya zagaya da su ta bakin fadama ya fito da su Jiratawa. Baƙin sun ji daɗi ƙwarai, sun sha inuwa, sun ga tsuntsaye, sun ci kwaɗon zogale. Muhammad Auwal ne kaɗai ya matso kusa da shi a hanya ya ce, "Baba, ina wannan babban maɗacin da ka nuna mini a zane?"

Barnaba ya ce, "Ya faɗi."

Maɗacin na nan tsaye har yau.

Bayan mako uku aka kawo hoto rumfata a ba shi, babba, an sa shi a gilashi. Su goma sha biyu ne da kekunansu, Barnaba a tsakiya, Tasalla can a gefe ta harɗe hannu. Na zaci zai ji daɗi, don ban taɓa sanin an ɗauke shi hoto a kan keken ba. Ya zauna a bencina ya sa tabarau, ya bi fuskokin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. A kan wani mai jar riga ya tsaya.

Ya ce, "Inusa, dubi wanga. Kowa shina kallon mai hoto. Shi mi yake kallo can sama?"

Na karɓa na duba. Gaskiya ne, sama yake kallo. Na ce wataƙila tsuntsu ya gani.

Ya ce, "Wataƙila." Ya nannaɗe hoton a cikin jarida, ya ɗaure a bayan keke, ya ce in duba masa iskar tayar gaba.